Gogayyar Zare da Gashi: Tarihin Abin da Ke Tsakanin Kai da Kallabi

Gabatarwa

Duk macen da ta taɓa kwance ɗankwalinta da dare ta kakkaɓe shi, ta san 'yan guntayen gashin da ke zubowa daga cikinsa. Gajeru ne, ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, kuma idan aka duba su da kyau ba a ganin ɗan farin ƙullin nan da ke gindin gashin da ya faɗo don kwanansa ya ƙare. Rashin wannan ƙulli shaida ce cewa gashin karyewa ya yi a tsakiya. A Hausa kalmar gogayya na ɗauke da ma'ana biyu: gugar abu da abu, da kuma takara tsakanin abokan hamayya. Ma'anonin biyu duk sun dace da abin da ya daɗe yana gudana tsakanin tufafi da gashin baƙar fata. Wannan maƙala za ta bi sawun gogayyar tun daga matashin itace na mutanen da, ta ratsa Kano da gonakin audugar Amurka, har ta iso ga hular satin da ake sayarwa a kasuwanninmu a yau. Manufarta ita ce ta nuna cewa kowace al'umma ta baƙar fata ta gamu da wannan matsala, ta kuma nemo mata mafita daidai da abin da hannunta ya kai, kuma sau da yawa masu iko ne ke yanke abin da hannun zai kai.

Yadda zare ke cin gashi

Silin gashi guda, in an sa shi ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, yana da ɓawo-ɓawo da suka hau kan juna kamar jinkar ɗaki, duk suna fuskantar bakin gashin. Muddin jinkar na kwance, cikin gashin na riƙe da damshinsa. Idan wani abu mai kaushi ya yi ta gogar ta, sai ɓawon ya ɗaga, ya fara ɓantarewa, cikin ya fito fili ya bushe, daga nan sai tsagewa da karyewa.

Gashin mutanen Afirka ya fi saurin shiga wannan hali saboda sigarsa. In aka yanka shi a kwance, ba kewayayye ba ne kamar na mutanen gabashin Asiya, ya fi kama da ƙwai da aka ɗan danne, kuma yana murɗewa yana lanƙwasa tun daga gindi. Kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Bugu da ƙari, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa cikin sauƙi ta waɗannan kwane-kwane, don haka bakin gashin, wanda shi ne mafi tsufa, shi ne kuma mafi bushewa. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town da abokan aikinta sun nuna a binciken da suka wallafa a 2000 cewa gashin da ke zubowa daga kan 'yan Afirka wajen tajewa galibi karyayye ne, kuma cike yake da ƙulle-ƙullen da silin ke yi wa kansa. Gashi na tsirowa kimanin santimita ɗaya a wata. Idan bakin yana karyewa daidai da yadda gindin ke tsirowa, mai shi za ta shekara goma tana cewa gashinta ba ya fita, alhali fita yake yi, tsayawa ce ba ya samu.

Shi kuwa zaren auduga yana da gajerun gezoji da ke kama gashi, kuma yana shan mai da ruwa. Ulu ya fi shi kaushi, domin shi ma gashi ne mai nasa ɓawon, sai su sarƙe da juna. Wuraren da abin ya fi shafa su ne inda tufa ke yawan taɓawa: gaban goshi inda bakin ɗankwali ke zama, ƙeya inda wuyan riga ke guga, da gefen kai da ke kwana a kan matashi.

Matashin itace da man kaɗe

Mutanen da ba su ga ɓawon gashi da idonsu ba, amma sun ga sakamakon. A tsohuwar Masar ana kwana a kan matashin itace ko na dutse ko na hauren giwa, mai lanƙwasa a sama inda wuya ke zama, kuma an sami irinsa da dama a kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a 1922. Irin wannan matashi ya wanzu har zuwa zamaninmu a tsakanin Turkana na Kenya, da Oromo na Habasha, da Somaliyawa, da Shona na Zimbabwe. Ɗaya daga cikin amfaninsa shi ne ɗaga kai daga shimfiɗa, don gyaran gashin da aka yi kwana da kwanaki ana yi kada ya lalace a dare ɗaya.

A ƙasar Hausa dabarar ta bi wata hanya, wadda ta tsaya a kan abu uku. Na farko kitso. Idan makitsiya ta tattara gashi ta yi shuku ko zane ko kalaba, ta ɓoye bakinsa, ta rage yawan silin da zai haɗu da tufa, ta kuma hutar da shi daga mataji na tsawon makonni. Kitson zare ma haka, domin yana naɗe gashin gaba ɗaya. Na biyu mai: man shanu da man kaɗe da alayyadi, waɗanda ke shiga tsakanin gashi da zane su sa santsi. Na uku wanki mai laushi, kamar na karkashi, wanda yauƙinsa ke warware sarƙar gashi ba tare da fizga ba. Maƙwabtanmu Larabawan Basara na Cadi sun shahara da garin shebe da suke kwaɓawa da mai su shafe tsawon gashin da shi sannan su kitse. Garin ba ya ƙara saurin tsiro, aikinsa lulluɓe silin ne don kada ya karye, kuma da hakan gashin ke tara tsawo.

Kano da neman santsi

Wani abin lura shi ne cewa ƙasar Hausa ta san darajar tufa mai santsi tun da daɗewa. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da birni da ke tufatar da yanki mai faɗi, daga Timbuktu har Murzuk da Gat, ya kuma ƙiyasta darajar tufafin da ake fitarwa daga can a shekara da kuɗin wuri miliyan 300 a ƙalla. Bayan masaƙa da marina sun gama nasu, sai 'yan bugu su ɗora zanen a kan gungume su yi ta dukansa da sanduna har gezojin zaren su kwanta, ya ɗauki ƙyalli. Garin Kura ya yi suna da baƙin rawani mai sheƙi da Buzaye ke ƙetaro Sahara don saye. Don ado ake bugu, amma duk abin da ya kwantar da gezar zare ya rage masa kaushi.

Akwai kuma siliki iri biyu: tsamiya, wadda ake samu daga gidan wata tsutsar daji, da alharini mai launin ja da fatake ke kawowa daga Turabulus. Sai dai waɗannan sun tafi ne ga aikin manyan riguna da tufafin sarauta. Talaka ba ta da halin ɗaura siliki don ta kwanta barci. Abin da ke kanta shi ne saƙi da fari na auduga, don haka kitso da mai ne suka ɗauki nauyin kare gashinta. Wannan tsari ya yi aiki saboda sassansa uku suna tare. Abin da ya faru da aka raba su shi ne babi mafi ɗaci a wannan tarihi.

Ƙetaren teku

Fiye da mutum miliyan 12 aka loda a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka zuwa nahiyar Amurka cikin ƙarnonin cinikin bayi. Cikin abubuwan farko da ake yi wa da yawa daga cikinsu akwai aske kai. Masu jirgi na cewa don tsafta ne, amma ga mutumin da kitsonsa ke faɗin ƙabilarsa da matsayinsa da aurensa, askin share suna ne. Da gashin ya sake fitowa, babu mataji mai faɗin haƙora, babu man kaɗe, babu lokaci. Aka koma shafa kitsen alade da man shanu da man giris na keken doki, aka riƙa tajewa da abin shatar ulun tumaki.

Tufar ma doka ce ta zaɓa musu. Dokar bayi ta Karolina ta Kudu ta 1735 ta lissafa irin yadin da bawa zai iya sawa, kuma duk masu arha ne masu kaushi. Da irin wannan ƙyalle mata ke ɗaure kai a gonar shinkafa da ta auduga, don kare kansu daga rana da ƙura da gumi. Ƙyallen da ke kare kai daga rana shi ne kuma ke tsotse ɗan man da aka samu, yana goge gaban goshi tun daga asuba har faɗuwar rana. A cikin hirarraki fiye da 2,300 da gwamnatin Amurka ta sa aka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938, an sami masu ba da labarin yadda ake naɗe gashi da zare ranar Lahadi, a rufe shi da ƙyalle har mako ya zagayo. Duk Bahaushiyar da ta ji wannan za ta gane kitson zare ne ya ƙetare teku a cikin ƙwaƙwalwar mutane.

A 1786 gwamnan Sifen na Luwiziyana, Esteban Miró, ya kafa dokar da ta tilasta wa mata masu jinin Afirka a birnin New Orleans, har da 'yantattu, su rufe gashinsu da ƙyallen da ake kira tinyon, ya kuma hana su sa gashin tsuntsu da duwatsun ado a kai. Nufin dokar shi ne a mayar da su sahun bayi a idon jama'a. Matan suka bi umarni, amma suka nemo yadudduka masu tsada da launi, suka ƙirƙiro ɗauri iri-iri, har abin da aka so ya zama tambarin ƙasƙanci ya koma abin kallo. Tun daga lokacin ɗaurin kai a wurin baƙaƙen Amurka ya riƙa ɗaukar fuska biyu, ta tilas da ta alfahari.

Mai wanki da mai gyaran keke

Bayan an soke bauta a 1865, matsalar gashi ta zama sana'a. An haifi Sarah Breedlove a 1867 a Delta ta Luwiziyana, ita ce ta farko a gidansu da aka haifa cikin 'yanci. Ta yi shekaru tana wankau a birnin St. Louis, kuma a can gashinta ya fara zuba, kamar na mata da yawa da ke fama da ciwon fatar kai da rashin ruwan wanka a gida. Ta yi tallan kayan Annie Malone, sannan ta haɗa nata man, ta ɗauki sunan Madam C. J. Walker bayan aurenta a 1906, ta kafa masana'anta a Indiyanapolis a 1910. Kafin rasuwarta a 1919 ta horar da dubban mata. Tsarinta ya haɗa da wanke kai, da shafa mai, da miƙar da gashi da mataji mai zafi. Gashin da aka miƙar da wuta kuwa ba ya son damshi, ba ya son guga. Don haka ɗaure kai kafin barci ya zama wajibi ga duk wadda ba ta son kuɗinta su tafi a banza.

Labarin Garrett Morgan na birnin Cleveland ya fi kowanne dacewa da wannan maƙala, domin daga gogayya ya faro. Morgan mai gyaran keken ɗinki ne da ya buɗe shagon tela. Allurar keke na gudu har ta yi zafi ta ƙona yadin ulu, sai ya shiga haɗa wani ruwa da zai rage gugar. Kamar yadda labarin ya shahara, ya goge hannunsa a wani ƙyalle mai gashi, daga baya ya tarar gashin ƙyallen ya miƙe. A 1913 ya kafa kamfanin sayar da man miƙar da gashi. Maganin da aka nema don allura da yadi ya ƙare a kan mutane. Irin waɗannan mayuka, da suka zama rilaksa ta zamaninmu, suna karya ƙullin sinadarin da ke riƙe da lanƙwasar gashi, kuma suna barin silin da rauni fiye da yadda suka same shi. Gashin ya miƙe, amma buƙatarsa ta kariya daga tufa ta ƙaru.

Satin ya sauko ƙasa

Satin sunan salon saƙa ne, ba sunan zare ba. Ana barin zare ɗaya ya tsallake huɗu ko fiye kafin ya nutse, don haka fuskar yadin ta zama shimfiɗaɗɗiya, ba ta da yawan tudu da kwari da za su kama gashi. Masana harshe da dama na danganta sunan da Zaitun, yadda Larabawa ke kiran tashar jiragen ruwa ta Quanzhou a ƙasar Sin, wadda Ibn Batuta ya bayyana cikin labarin tafiyarsa. Ƙarnoni da yawa da siliki ake saƙa shi, saboda haka na masu hannu da shuni ne.

Kimiyyar haɗa sinadarai ce ta karya wannan shinge. A 1935 Wallace Carothers na kamfanin DuPont ya haɗa nailan, a 1941 kuma Whinfield da Dickson suka haɗa zaren foliyesta a Ingila. Matan baƙaƙen Amurka suka fara da yanke tsohuwar safar nailan su mayar da ita hular kwana, sannan satin na roba ya cika kasuwa da arha. Santsin da a da sai 'yar sarki, yanzu ya iso ga mai wanki.

A shekarun 1960 gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙe ta zo da kiran a bar gashi yadda Allah ya halicce shi, kuma tulin gashin Angela Davis ya zama alamar zamanin. Kiran ya lafa, sannan ya dawo da ƙarfi daga shekarun 2000, lokacin da mata suka riƙa koya wa juna ta intanet abin da iyayensu suka manta. A nan ne aka fara magana dalla-dalla a kan wuyan kwat, da mayafin ulu na lokacin sanyi, da hular da aka yi wa shafi da satin, da rigar matashi ta siliki. Binciken da cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fitar a 2022, bayan bin mata fiye da 33,000, ya sami alaƙa tsakanin yawan amfani da man miƙar da gashi da ƙarin haɗarin sankarar mahaifa, abin da ya ƙara tura mata ga barin sa.

Har yanzu doka ba ta fita daga maganar ba. A 2019 jihar Kalifoniya ta zama ta farko da ta haramta nuna wariya a wurin aiki da makaranta saboda gashi na asali ko kitso. A 2021 hukumar ninƙaya ta duniya ta ƙi amincewa da wata babbar hular iyo mai suna Soul Cap, wadda aka yi don masu cikar gashi, bisa hujjar cewa ba ta bi sigar kai ba. Sai a 2022 ta janye. Shekara 235 ke tsakanin dokar Miró da wannan hukunci, amma tambayar ɗaya ce: wa ke da ikon faɗin abin da baƙar mace za ta ɗora a kanta?

Komowa gida

A wurinmu rufe kai addini ne da al'ada, kuma babu mai neman a bar shi. Abin da ya sauya shi ne tufar da tsawon lokacin da take yi a kai. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da waɗanda suka biyo bayanta sun wadata mata da atamfa. Daga ƙarshen shekarun 1970 hijabi ya fara yaɗuwa har ya zama suturar makaranta da kasuwa da ofis. Da masaƙun gida suka durƙushe, Kantin Kwari ya cika da yadin waje, mai kyau da marar kyau. Yau yarinya na iya sa hula mai roba a baki, ta ɗora ɗankwali mai sitati, ta ɗora hijabi, tun daga safiya har dare, a kan gashin da ƙila an sa masa rilaksa, an kuma ja shi da ƙaramin kitso. In hunturu ya zo, iska ta ƙara busar da shi. Binciken da Khumalo ta yi a unguwar Langa ta Cape Town ya gano cewa kusan mace ɗaya cikin uku na da zubewar gashi ta dalilin ja, kuma abin ya fi tsanani idan an yi kitso a kan gashin da aka miƙar da sinadari. Ja da guga abokan juna ne, domin a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato gaban goshi. Idan aka daɗe ana yi, ramin gashin na iya mutuwa, kuma wanda ya mutu babu man da zai tashe shi.

Abin da tarihin nan ya koyar mai sauƙi ne kuma mai arha. A sa abu mai santsi, satin ko siliki, tsakanin gashi da kowace tufa mai kaushi, da rana da kuma lokacin barci. A sassauta ɗauri, a riƙa sauya inda bakin ɗankwali ke zama. Kada a rufe gashi yana jiƙe, domin jiƙaƙƙen gashi ya fi rauni. A ɗage bakinsa daga wuyan riga. A shafa mai daidai kima, a riƙa wanke hular. Kitson da ya hana barci ko ya tayar da ƙuraje a goshi kuwa, a kwance shi, ko nawa aka biya.

Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ake tallatawa yanzu da sunan sabon ilimin kula da gashi, kashi biyu cikin ukunsa kakanninmu sun riga sun san shi: a kitse, a shafa mai. Kashi na ukun, wato tufa mai santsi, shi ne talauci ya hana su, bauta kuma ta hana 'yan uwansu da aka kwashe. Mata da yawa sun yi ƙarnoni suna rufe kai da abin da aka ba su ko abin da suka iya saye. 'Yar yau tana iya shiga kasuwa ta sayi rabin yadin satin, ta kai wa tela ya yi wa ɗankwalinta shafi, kuma idan ta kakkaɓe shi da dare ta ga bambancin da idonta.